Iccen shatenyi zai kama a Jiratawa? Namun daji nake so su dawo gonata

Manomin Jiratawa

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana itatuwa da waɗanda suka zauna ƙasar Turawa.

Ƙanena da ke karatu Faransa ya zo hutun ƙarshen shekara da tsarabar wasu 'ya'yan icce, jajaye masu sheƙi, gefe guda a baje. Ya ce shatenyi sunansu. Mun gasa wasu bisa garwashi, suna da gari da ɗan zaƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce a dazuzzukan can, in suka zuba, barewa da aladun daji da kurege duk gindin iccen suke taruwa su yi ƙiba kafin sanyi.

Gonata tana bakin Gulbin Maradi, rabi fadama rabi jigawa. Muna yara, in ka yi sammako sai ka tada garken zabin daji, fakara na kuka ta ko'ina, zomo ya gitta maka hanya, har gada mun gani. Yau 'ya'yana ba su san kukan fakara ba, kuma abin yana ci mini rai. Na ƙudura in ware ƙuryar jigawar, kamar rabin hekta, in bar wa halittun Allah.

Sauran 'ya'yan suna nan na ajiye. Wane wata suke zuba a can? Shekara nawa iccen ke yi kafin ya fara 'ya'ya? In na shuka nan zai kama?

Ɗan Tibiri a Liyon

Wa'alaikumussalam Yaya. Nan Faransa suna fara zuba ƙarshen Satumba, Oktoba ne tsakiyar kakarsu, zuwa Nuwamba an gama. Ba a kaɗa su. Ƙwansonsu ƙaya ne zalla, kamar bushiya ta dunƙule. In ya nuna sai ya tsage da kansa, 'ya'ya biyu ko uku su faɗo. Yankin Ardesh da ke kudu da mu shi ne ya fi suna wajen noman su. A Amurka ma mafarauta na shuka irin na Sin don barewa, tunda cutar da aka fara gani a Niyok a 1904 ta kashe nasu na asali, biliyoyin itatuwa, cikin shekara 50 ko kusa. Yakan fara 'ya'ya daga shekara 4 zuwa 7 in wuri ya karɓe shi, kuma guda ɗaya ba ya isa, sai da wani kusa da shi su yi barbara.

Amma gaskiya Yaya, ba zai yi maka ba. Icce ne mai son hunturu na sosai, irin wanda ruwa ke ƙanƙara. Ƙwayar ma ba ta tsira sai ta yi wata 2 zuwa 3 cikin sanyi da laima, in kuwa ta bushe ta mutu. Waɗanda ka ajiye cikin iskar hunturunmu mai busar da leɓe, da wuya in akwai mai sauran rai. Ko da ta tsira, ruwan Maradi bai wuce milimita 500 ko kusa a shekara ba, ga wata 8 babu ɗigo, ga zafin Afrilu sama da 40. Ku gasa su ku ci da yara.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Madarunfa

Malam, Allah ya saka da wannan niyya. Maganar ɗana na Liyon haka take. Ni abin da nake so ka duba shi ne lokacin yunwa. Can Turai dabba tana wahala da sanyi, shi ya sa iccen da ke zuba gab da sanyi ya zama gata gare ta. Mu nan kaka ba matsala ba ce: ga ragowar hatsi a gona, ga fara, ga irin ciyawa ko'ina. Wahalar tana farawa daga Fabrairu har ruwan farko ya sauka. Iccen da zai yi maka aiki shi ne mai zubar da 'ya'ya cikin wannan tsakanin, kuma muna da shi, gawo.

Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabon ganye bayan ruwa ya ɗauke, 'ya'yansa su nuna su riƙa zuba daga Janairu zuwa Maris, wani har Afrilu. Ka je gindin babban gawo da asuba wannan watan ka duƙa ka duba rairayi. Za ka ga murɗaɗɗun 'ya'yan nan masu ruwan lemo, wasu an gatsa an bar rabi, ka ga sawun kurege da na zomo, ka ga inda tsuntsu ya tona neman ƙwari cikin ruɓaɓɓen ganye. Raƙuman dawa na Kure ma, can kusa da Yamai, da rani gawo suke bi cikin kwarin Dallol Boso.

Sai dai icce ɗaya ba ya riƙe shekara. Magarya tana nuna tun bayan girbi har cikin sanyi, ita ce kuma ta fi saurin 'ya'ya, shekara 3 zuwa 4, ga ƙayarta mafakar ƙananan tsuntsaye. Aduwa da kalgo suna biyo ta. Can ƙarshen bazara, lokacin da komai ya ƙare, danya ke zuba. Ita danya akwai mace akwai namiji, saboda haka ka sari reshe mai kauri daga wadda ka san tana 'ya'ya ka kafa shi gab da damina. Gefen fadama ka sa ɓaure da kanya, su ne na jemagu da manyan tsuntsaye.

Kafin ka sayi ko leda ɗaya ta dashe, ka zagaya ƙuryar nan ka ƙirga kututturan da ke tohowa kowace shekara ana sassabe su. A nan ƙasar Maradi ne Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura a 1983 cewa waɗannan ƙananan tsire-tsire itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Daga nan sassabin zamani, wato raya tohon kututture maimakon sassabe shi, ya bazu, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram. Ka zaɓi rassa 2 ko 3 mafi ƙarfi a kowane kututture, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka ɗaura ƙyalle don a san da mai shi. Wanda ya toho daga tsohuwar saiwa yana yin a shekara 2 abin da dashe bai yi a 5.

Uwargida daga Tasawa

Sannunku da ƙoƙari. Baba, ka yi mini afuwa, akwai abin da ba a faɗa ba. 'Ya'yan gawo kuɗi ne. Mu mata da yara tun duhun asuba muke fita tsinta, a cika buhu a kai kasuwa ko a ba tumakin turka, wasu ma da gora suke kaɗowa tun ba su nuna ba. Da an saki gonaki kuma jajayen awakinmu sun iso. Me zai rage wa zomo? Malam, in ba ka zauna da maƙwabtanka da matansu an yi magana ba, wahala za ka yi a banza. Sannan za su ce ka tara musu tsuntsun jan-baki ya cinye gero. Ka shirya amsarka tun yanzu.

Manomin Jiratawa

Na gode ƙwarai. Ƙanena, na ji, na haƙura da shatenyi. Baba, na je na duba: akwai sabara da yawa, kalgo, magarya, da ƙananan gawo biyu da kullum garma ke bi ta kansu. Daga bana ba mai taɓa su.

Hajiya, maganarki ta fi kowace nauyi a wurina, don uwar 'ya'yana ma tana cikin masu tsintar. Babban gawon da ke tsakiyar gona zan bar wa mata yadda aka saba, ƙuryar kaɗai zan yi wa shinge, kuma zan kai maganar gaban mai gari kafin in kafa ko dirka ɗaya. Baba, saura biyu: yaya ake tsirar da irin gawo, kuma me zai sa zabi su zauna su yi ƙwai, ba su ci su wuce ba?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Madarunfa

Irin gawo ɓawonsa tauri gare shi. Ka tsinci wanda ya fito cikin kashin awaki a turke, ko ka ɗan kankare gefen kowace ƙwaya ka jiƙa ta kwana. Ka shuka kai tsaye inda zai zauna, cikin Yuli bayan ƙasa ta sha ruwa, don saiwarsa ƙasa take nutsawa, ba ta son daɗewa cikin leda. Ka kewaye kowanne da ƙaya. Sai ka yi haƙuri da shi, yakan kai shekara 7 ko fiye kafin 'ya'yan farko.

Zabi da fakara kuwa a ƙasa suke ƙwai, da damina, cikin ciyawa mai duhu. Ka dasa gamba layi biyu a bakin shingen, kada ka yanke ta duka, kada wuta ta shiga. Ka binne tsohuwar tukunya daidai da ƙasa ƙarƙashin sabara, ka riƙa zuba ruwa da bazara, ka jingina ƙaramin icce ciki don abin da ya faɗa ya samu hanyar fita. Jan-baki dubbai suke tafiya suna bin ruwa da hatsi, rabin hektarka ba shi zai kira su ba. Waɗanda za ka sha fama da su su ne yara masu danƙo da masu ɗibar ƙwai, don haka in ka je wurin mai gari ka roƙa a yi shela a kansu tun kafin watan Yuni.