Komisyon da anka biya yau, me ya sa ba ya hita duka cikin lissahin bana?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum manyan gida. Ina koyon aikin kontabul, na ga bilan, wato takardar lissahin dukiya da bashi ta ƙarshen shekara, na wani kampanin asiransi na waje sun sa kuɗɗin neman kiliyan cikin dukiya, alhali an biya dillalai tuni. Kuɗɗin da sunka hita ta yaya za su zan dukiya? Wanda ya taɓa aiki da wanga abu ya ba mu labari.

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai na yi dillancin asiransin mota nan Maradi, manyan motoci masu bin hanyar Ɗan Isa. Ka ɗauka direba ya biya jika 120 ranar 1 ga Oktoba na shekara guda, ni an ba ni jika 12 nan take na sa aljihu. To kampani wata 3 kaɗai ya rufe motar kahin ƙarshen Disamba, saura wata 9 na baɗi, shi ya sa masu wanga tsari suke rubuta jika 3 cikin kashin bana, jika 9 su aje su a takarda har lokacinsu ya zo. Amma ni jika 12 na tuni sun zan hatsi a gida.

Hajiya Kontabul:
Alhaji ya hwaɗi daidai, sai dai kar yaron ga ya rikice, mu nan dokar CIMA muke bi, wato dokar asiransi ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda anka sa ma hannu a Yawunde 1992. Inda na yi aiki, a asiransin mota da gobara abin da muke lura da shi shi ne kason da ake ajewa don haɗarin da bai ƙare ba, mafi ƙanƙanta kashi 36 cikin 100 na kuɗin asiransin da kiliyan suke biya a shekara. Daga ina 36 ta hito? ana ɗauka kashi 28 sun tahi tun ranar sa hannu, komisyon da takardu da sauransu, saura 72, a raba biyu don a ƙarshen shekara, a tsakaici rabin wa'adin kwantiragi ne ya rage. Wato komisyon an cire shi tun farko. Tsarin da ka gani irin na Amurka ne, kuma su ma tun 2012 sun matse, sai kuɗin kwantiragin da ya tabbata ake jinkirtawa, wanda ka yi ta bin shi da mai a moto bai saya ba, wannan cikin kuɗɗin da anka kashe bana yake shiga.

Malamin Zariya 2:
Ni a asiransin rai na ga zahin abin. Komisyon shekarar farko babba ne, ana sa ran mutum zai biya shekara 10 ko 15, damina ta ɓaci mutane sunka daina biya tun shekara ta biyu, abin da ake sa ran maidowa sannu-sannu ya faɗo lokaci guda. Shugabanmu har ya ce ko kontabul ta yi ɓata ne, alhali lissahi daidai yake.

Ɗan Mokoyo:
Na gode Hajiya. To in kiliyan ya soke a wata na huɗu, dillali yana maido komisyon ko ya ci ke nan?

Tsohon Dillali:
Ya danganta da abin da kunka rubuta da kampani. Ni dai ba a taɓa ce in maido hannu da hannu ba, daga komisyon wata mai zuwa anka zabge.