Peugeot 504 ko tsohuwar roka, wacce zan riƙe?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Allah ya yi wa Baba rasuwa bara, ya bar motoci biyu a gidanmu na Gangare a Jos, Peugeot 504 ɗinsa haɗin Kaduna da kuma Mercedes 911 mai bodin katako, roka kenan, wadda ya yi shekaru yana dakon tumatir da dankali da ita daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu. An yi musu kuɗi wajen rabon gado kuma kasona ɗaya kawai zai iya ɗauka, ɗayar sayarwa za a yi, har 'yan gwangwan sun fara zarya wai su saya a kilo su yanka, wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ni ba haya zan yi ba, ajiyewa nake so in yi don tarihi.

Malam Bakanike Dilimi:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗauki 504 ɗana. Tun 1968 aka fara yin ta a Faransa, kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya yi ta haɗa ta har bayan da Turawa suka daina, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu, ka zo Dilimi ka gani da idonka. Kafireta ce, ba kwamfuta ba komai, yaron gareji ma zai tayar maka da ita. Abin da za ka duba tsatsa ne, ɗaga kafet ka ga ƙasan, damunar Jos ba ta raga wa ƙarfe. Ita roka ina za ka ajiye ta a lungun Gangare? Taya shida, kowacce kuɗi, ga gas.

Direban Bukuru:
Malam ka yi haƙuri ban yarda ba. 504 har gobe akwai masu ɓoye ta a gareji, amma wa ke ajiye roka? Aiki ake sa ta har ta mutu a yanka ta, nan gaba kaɗan sai dai a hoto. Sunan 911 ɗin ma ma'ana gare shi, 9 ɗin tan tara ne, 11 kuma ƙarfin doki 110. Na hau Hawan Kibo da ita cike da kaya ba sau ɗaya ba, a hankali take tafiya tana gurnani amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kuma rubutun da zanen da ke jikin bodin nan hannun mutanenmu ne, ba daga Jamus ya zo ba.

Maman Hanifa:
Ka tambayi Hajiya tukuna, wataƙila akwai wadda zuciyarta ta fi kwantawa da ita.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai. Direba maganar bodi ta taɓa ni, Baba da kansa ya sa aka rubuta Haƙuri Maganin Duniya a goshinta. Kawuna yana da fili a Bukuru, gobe zan je in ji ko zai bar ni in ajiye ta can, sannan in zauna da Hajiya.