Mu nemo wa "mindful eating" da "self-compassion" suna da Hausa

1/ Jama'ar Sakkwato da masu jin Hausa a ko'ina, ga aiki ya same mu. Masu wayar da kan masu ciwon suga da hawan jini sun fara jefo waɗannan kalmomi biyu cikin bayaninsu haka nan da Turanci. Tsohuwar da ta taso daga Wamakko ko Dange ta zo asibiti ba abin da za ta ƙulla da su, sai dai ta ce: "Ke ɗiyata, mi kika ce?"

2/ Mu fara sanin abin. Ita kanta mindfulness, wato tattara hankali kan abin da mutum yake ciki a lokacin, wadda "mindful eating" ta fito daga cikinta, fassara ce. Wani Bature masanin harshen Pali, Rhys Davids, shi ya fassara kalmar "sati" ta littattafan mabiya Buddha da ita a 1881. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da abin harkar asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Cikin darussansa akwai wanda ake ba mutum ƙwayar zabibi ɗaya, ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali, ya ji yadda take sauka a maƙogwaro. Manufar ita ce mutum ya san yana ci lokacin da yake ci, ya gane yunwa ce ta kawo shi ko kwaɗayi, ya kuma ji ƙoshi idan ta zo.

3/ Da muka fara neman suna ga "mindful eating", wani ya kawo "cin hankali". Wannan kam a'a. Duk inda "cin" ya hau kan irin wannan suna a Hausa, ɓarna ce: cin amana, cin mutunci, cin fuska, cin zarafi. Ka ce wa dattijo ya riƙa cin hankali, zai ɗauka faɗa kake koya masa. "Ci da hankali" kuma gargaɗi ne, abin da ake faɗa wa yaro idan kifin da ƙaya.

4/ Wani malaminmu na zaure ya ce a ɗauki "halartowar zuciya", kamar yadda ake faɗa a babin sallah. Allah ya gafarta Malam, ma'anar ta zauna daram, ban musa ba. Matsalarta nauyi. Kalma ce ta ibada, in an sauko da ita kan tuwon dawa da miyar kuka sai a ji wani iri. Amma Malam ya tuna mana abin da muke da shi tun tuni: hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Ba wanda zai iya tsayawa a sulusi sai wanda yake jin cikinsa yana ci.

5/ "Ci da natsuwa" ta samu magoya baya da yawa, kuma tana da daɗin faɗa. Sai dai natsuwa zaman jiki ce da rashin gaggawa. Mutum na iya zama daram a kan tabarma, ido na kan waya, hannu na kai da komo cikin faranti, sai ya ji yatsunsa sun kankari ƙasan kwano bai san ya cinye ba. A natse yake, amma bai lura ba.

6/ Shi ya sa nake kan "ci da lura". Gajera ce, ba ta bukatar sharhi, kuma tana shiga jimla ba tare da an tanƙwara ta ba: "Inna, ki dinga ci da lura." Ku gwada ta da buɗa-baki a azumin bazarar garin nan. An kira sallah, ga ruwan ƙanƙara, ga kunu, ga ƙosai, ga fura, mutum ya haɗa su duka kafin a tada iƙama. Saƙon ƙoshi kuwa ba nan take yake isa ƙwaƙwalwa ba, yakan ɗauki wajen minti 20. Kafin ya iso an riga an cika tumbi, sai a je asham ana nishi a ruku'u. Wanda ya ci dabino, ya kurɓi ruwa, ya yi magariba sannan ya dawo, ya ci da lura ko bai taɓa jin sunan Kabat-Zinn ba.

7/ Ta biyun ta fi wuya. Kristin Neff ta Jami'ar Texas ce ta fito da ma'aunin self-compassion a 2003: ka tausasa wa kanka idan ka kasa, ka tuna kasawa ta kowa ce, kar kuma ka bari damuwar ta haɗiye ka. "Son kai" mun san mugun hali ne. "Tausayin kai" ya fi kama da zaman ƙorafi da kuka. Wata yayarmu ma'aikaciyar jinya ta kawo "jinƙan kai", kuma da baki ba ta da laifi. Amma yawancinmu ba ma sa lanƙwasar haruffa irin ta ƙ idan muna rubutu a waya, "jinƙai" na komawa "jin kai", rahama ta zama girman kai.

8/ Na zaɓi "sassauta wa kai". An ce mini ai wannan ƙofar sakaci ce, mai suga zai sha lemon kwalba ya ce sassauci yake yi. Ban yarda ba. A wani gwaji na 2007, Claire Adams da Mark Leary sun ba ɗalibai mata donot suka ci, sannan aka ce wa wasunsu kar su tsananta wa kansu, kowa na yin haka. Cikin masu takura wa kansu a kan abinci, waɗanda aka lallasa ba su kai sauran cin alewar da aka ajiye musu daga baya ba. Wanda ya zagi kansa shi ke cewa tunda an ɓata a ƙarasa.

9/ Yaya, in kin koma ɗakin masu suga ki gwada su biyun a kan tsofaffi ki faɗa mana wadda suka maimaita da bakinsu. Saura emotional eating, wato cin da ɓacin rai ke sa mutum. Na ajiye "cin huce haushi", mai wadda ta fi ta ya kawo.