Maganin da nake ba kajina ne ya hana na asibiti yi wa Mama aiki?

Maman Husna, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon buroila a bayan gida. Surukata da muke zaune tare ta yi fama da ciwon mafitsara, ta shanye cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tas amma zafin fitsarin yana nan. Da aka gwada fitsarin, takarda ta nuna ƙwayar cutar E. coli ce, kuma cipro ba ya taɓa ta. Likita yana cikin rubuta wani magani sai ya tambaya ko muna kiwo a gida. Tun nan hankalina ya tashi, don tun daga ranar da aka kawo 'yan tsaki nake zuba musu maganin enrofloxacin a ruwa, haka wanda ya koya mini kiwon ya ce. Kuma Mama ce ke taya ni share ɗakin kajin, ba ta iya zama haka nan. Da gaske akwai alaƙa?

Ɗan Vom:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Babu mai iya rantsuwa cewa daga kajinki ta ɗauka, don cipro ɗin da mutane ke saya a kemis duk sanda jiki ya yi zafi shi ma yana haifar da haka. Amma tambayar likitan tana kan hanya. Enrofloxacin da cipro 'yan gida ɗaya ne, har ma jikin dabba yakan mayar da wani ɓangare na enro ya koma cipro. Idan kika zuba wa lafiyayyun kaji, raunanan ƙwayoyin cutar da ke hanjinsu su mutu, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa, su fita a kashi. Daga nan sai tsintsiya, hannu, takalmi, wuƙar fiɗa. Saboda irin wannan ne Amurka ta hana amfani da enrofloxacin ga kaji a 2005.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne colistin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ake ajiye wa ɗan Adam sai komai ya ƙi, mu kuma muna sayensa a leda don zawon kaji. A 2015 aka gano a Sin, a jikin aladu, wani ƙwayar gado mai suna mcr-1 da ke sa bakteriya ta bijire masa, kuma suna miƙa wa junansu shi. An same shi a jikin marasa lafiya ma.

Baban Kaji, Bukuru:
Malam, faɗa da baki ba wuya. Ka san sanyin Jos a Disamba? Ka san kuɗin buhun abinci yanzu? In na bar maganin 'yan tsaki suka zube, wa zai biya ni?

Ɗan Vom:
Alhaji, ban ce a bar kaza ta mutu ba. Mara lafiya a kira likitan dabbobi ya duba, a ba ta abin da ya dace, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin leda kafin yanka. Amma sanyi ɗumi yake so da busasshiyar dusar katako. Cututtukan kaji irin su Gumboro da Newcastle kuwa bairos ne, ko buhun maganin oxytetracycline ka juye musu ba abin da zai yi. Rigakafi ne maganinsu, ga shi ana haɗa shi nan kusa da kai a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom.

Ummi Nas:
Ƙari kaɗan, Maman Husna. Dafuwa tana kashe ƙwayoyin da ke nama, matsalar ɗanyen ce: katakon da kika yanka kaza kada ki ɗora masa kabeji. Kashin kajin da masu lambu ke saya kuma, in bai ruɓe sosai ba, latas ɗinsa ne muke kwasowa a kasuwar Farin Gada. Mama ta shanye sabon maganin yadda likita ya rubuta ko da ta ji sauƙi. 

Maman Husna, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama ta fara samun sauƙi, na kuma karɓe tsintsiyar duk da tana ta mita. Ɗan Vom, zubi na gaba yana zuwa ƙarshen wata. In ban sa enro a makon farko ba, me zan zuba musu a ruwan?