Musayar Baiti: Likita Barau Dikko na Wusasa

Bazazzage:
Salamu alaikum ƴan majalisa. Jiya na kai ƙanwata awo asibitin Barau Dikko a Kaduna, sai na ji wani yaro a kan benci yana tambayar uwarsa wai shi Barau Dikkon tsohon gwamna ne? Abin ya tsaya mini a rai. Ga ƙwar biyu, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Rabbu zan fara rerawa,
In tuno likitan fari na Arewa.

Ƙasar Zazzau ta haife shi, ta rena,
Wusasa gidansa, ba mai musawa.

A 1912 ya zo duniya,
Bafillace, Kirista, mai natsuwa.

Ya bar makarantar Likita Mila,
King's College ta Ikko yai wucewa.

Birmingham ta Ingila ta ba shi shaida,
A 1940 ya kama dubawa.

Likita Mila ɗin nan shi ne Baturen mishan na Wusasa.

Ɗan Kurmi:
Bazazzage ka cika kirari,
Likita ɗaya kun tashi gari,
Ka zubo shekaru babu tsari,
Waƙarka ke son maganin tari.

Malam Mai Arulla:
Ba na bayan kowa, amma Bakanon ya taɓa gaskiya. Ɗangonka na farko gaɓa 11 ne. Karanta na biyar da baki: "A alif ɗari tara da sha biyu ya zo duniya", gaɓa 16. Lamba a rubuce gajeriya ce, a maƙogwaro kuwa doguwa. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Bazazzage:
Malam, rerawa ake yi, ba awon hatsi ba.

Malam Mai Arulla:
Rera mana ita mu ji inda za ka shaƙi numfashi.

Hajiyar Tudun Wada:
Ku bar ƙirga gaɓa, ku dubi Iya,
Tabon lamba na nan a dantsenta ɗaya,
Kamar an manna sisi, ƴar ƙawanya,
Agana ta ci gari, ta bar ta lafiya.

Kakata ce. Har ta rasu, duk wanda ta gani da farar riga da abin awon ƙirji a wuya Dikko take ce masa, ko da Ba'indiye ne. Kuma ku tuna a 1957 sashen cututtukan da suka zaune mana a ƙasa aka ɗora shi a kai a ma'aikatar lafiya ta Arewa, irin su kuturta da ciwon barci. Wannan aikin ƙauye ne, ba na masu kuɗi ba. Sunan ma ku duba: Barau, irin wanda ake sa wa ɗan wabi don Allah ya bar shi.

Ɗan Kurmi:
Hajiya ban zo miki da wasa,
Mai tsaga lambar ai ɗan disfensa,
Likitanku ya karkata siyasa,
Gowon ya ja shi don ɗan Wusasa.

Ma'adinai da wuta ya riƙe wa ƙasa,
Sannan sufuri, allura tana nesa,
Kifi da kaska wa ya haɗa su gasa?
Ku ba ni amsa, ku daina ƙosa.

Na Sawaba:
Kai! Ɗan Kurmi ka gama da su! A kawo ruwa a yayyafa wa Zazzagawa. Dama jam'iyyar da ya shugabanta ita ta rikiɗe ta zama NPC ta sarakuna, mu kuwa NEPU muka sani tun 1950, gidan Malam Aminu.

Hajiyar Tudun Wada:
Na Sawaba, kai ko baiti ɗaya ba ka taɓa kawowa zauren nan ba, kullum sai tafi. Maroƙi ma yana da kalangu.

Bazazzage:
Bakano ko jinya sai da ciniki,
A rage masa kwalba, ya biya da baki,
Ashirin da bakwai yana kan aiki,
Kafin Gowon ya kira shi ɗaki.

Lissafa da kanka tunda kai ɗan kasuwa ne: 1940 zuwa 1967. Batun jam'iyya kuma, e, shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, lokacin tana ƙungiyar ci gaban al'umma. Da ta zama ta siyasa a 1951 sai ya bar kujerar, don shi ma'aikacin gwamnati ne, ya ci gaba da likitancinsa. To wa ya karkata?

Ya bar kujera, ya riƙe allura,
Ku da kun samu, sai an yi tura.

Ɗan Kurmi:
Tura ta kai bango, Bazazzage,
Baitinka biyu, ɗaya ya gurguje,
Kano in mun so likita mu je,
Mu saye shi da asibitin, mu dage.

Malam Mai Arulla:
Tsaya nan. "Zage" da "guje" da "je" da "dage" ba amsa-amo ɗaya ba ne, kana tsalle tsakanin ge da je. Kuma "gurguje" ba Hausa ba ce, gurgunce ake cewa. Ka ƙirƙiro ta don ta shiga rami.

Ɗan Kurmi:
Ɗazu kana bayana, Malam.

Malam Mai Arulla:
Ɗazu kana kan kari.

Ɗan Rigasa:
Afuwan, kwana biyu ba ni da data, na tarar an yi nisa. Ga nawa ko da ya yi ɗingishi.

Asibitin nan da ake ce wa Nasin Hom,
Na Turawa ne da can, ku tambayi manya,
Yau ɗaliban KASU ke koyon aiki ciki,
Da sunan Dikko a ƙofa, ikon Allah.

Allah ya sa mu ma a tuna da mu. KASU ita ce jami'ar jihar Kaduna. Dikko ya rasu 1977, babana yana ɗan firamare.

Ɗan Kurmi:
Ɗan Rigasa wannan ba ɗingishi ba ne, karaya ce. A kai baitin nan sashen ƙashi.

Hajiyar Tudun Wada:
Ku ƙyale yaro, ya fi ku kawo labari. Malam, kai da ke gyara wa kowa, ina naka?

Malam Mai Arulla:
Likita Barau ɗan Dikko mai daraja,
Ya yi aiki, ya bar mana hujja,
Duk wanda ya yi musu to lallai ya sani cewa ya ja.

Na Sawaba:
Innalillahi! Malam, ɗango na uku gaɓa nawa?

Bazazzage:
Na ƙirga, 17. Ya fi nawa da ɗaya.

Malam Mai Arulla:
Wayar ce ta ƙara kalmomi. Zan dawo bayan la'asar.

Bazazzage:
Kafin ya dawo, ƙanwata ta sauka da asuba, namiji. Ɗan Kurmi, goron suna a kanka.

Ɗan Kurmi:
Barka, Allah ya raya. Goro kuwa sai dai in ba ka a farashin sari.