Ta ina zan kama wa yaran birni darasin itatuwa da namun daji?

Malam Mai Alli, Garwa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyarwa a wata makarantar Faransanci da Larabci a nan Garwa, kuma bana an ɗora mini kula da ƙungiyar muhalli ta ɗalibai. 'Yan shekara 11 zuwa 15 ne, akasarinsu 'ya'yan 'yan kasuwa, teloli da mahauta. Abin da ke cikin littafi sun haddace shi tas. Za su gaya maka halittu iri-iri ne, kowanne na dogara da wani, kuma bai kamata mu cinye rabon 'yan baya ba. Amma da na tsayar da su a gindin wata bishiya bayan aji na ce su faɗi sunanta, sai aka yi tsit. Marke ne. Dogon yaro da mangwaro kaɗai suka sani.

Na so in kai su gandun dajin Binuwai su ga dorina da ɓauna da idonsu, kuɗin mota ya gagara. Dashe kuwa an yi bara ranar 5 ga Yuni, aka ɗauki hoto, aka tafi dogon hutu, kafin a dawo awakin unguwa sun gama da shi. Dattawa da masu ilmi, me kuke gani?

Tsohon Gandu, Marwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Aikin gandun daji na yi har na ajiye, kuma ina gaya maka kada kuɗin mota ya hana ka barci. Yaron da aka kai ya ga dorina zai yi ihu ya yi murna, sannan ya dawo da tunanin cewa abin nan na can nesa ne, na Turawa masu kyamara. Ka fara da tukunyar gidansu. Kowa ya je ya tambayi kakarsa abin da aka zuba a miya da kunun jiya, da bishiyar da ya fito: kuka, daddawar ɗorawa, man kaɗanya, tsamiya. Daga nan sai tambayar da ita ce darasin: a ina ake samo su a da, yanzu daga ina suke zuwa, kuma nawa ake sayarwa? Tsofaffin za su yi maka rabin aikin, don ba sa gajiya da labarin abin da ya ɓace. Har za su ƙara maka da ɗinya, kanya, taura da aduwa, waɗanda yaran ba su taɓa ganin uwarsu a tsaye ba.

Sai gawo. In za a ce in zaɓi bishiya ɗaya in koyar da ita shekara guda, shi zan ɗauka. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, shi zubar da ganye yake yi, don haka ba ya yi wa gero da dawa inuwa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwar tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma ya yi kore shar, ya zubo wa awaki da shanu 'ya'yansa. Wanda ya bi hanyar Mora ya ga gonaki cike da gawo, ba ado aka bar shi ya yi ba.

In ka zo kan yadda abu ɗaya ke jan wani, ba su labarin gandun dajin Waza. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, niyya mai kyau. Amma ruwan kogin Logon da ke malala kowace shekara ya cika fadamar gabashin gandun ya ragu ƙwarai, ga kuma fari ya zo ya tarar. Ciyawar da shanu da namun daji ke ci da rani ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, masunta da makiyaya suka watse. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mayar wa wani sashen fadamar ambaliyarsa, ciyawa da kifi suka soma dawowa. Ka raba yaran gida huɗu: manomin shinkafa, masunci, makiyayi, ma'aikacin gandu. Su yi gardama a kan ruwan. Kai kada ka yanke musu hukunci.

Ɗan Kaele:

Baba Tsohon Gandu, da girmanka, ina da magana. Mu a wajenmu giwa ba hoton kalanda ba ce. Daga Waza suke gangarowa, kuma a dare ɗaya sun taɓa shafe dawar mahaifina saura kaɗan a yanka. Aka zo aka rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, har yau shiru kake ji. Saboda haka, Malam, in za ka ce wa yara giwa dukiyar ƙasa ce, ka haɗa musu da wanda ke kwana a gona yana buga gwangwani. Haka batun sare itace. A ajinka akwai yaron da da kuɗin itacen uwarsa aka saya masa littafi. Ka ce masa mai sare bishiya mai laifi ne, ya gyaɗa maka kai, amma daga ranar ka rasa shi.

Tsohon Gandu, Marwa:

Gaskiyarka, ɗana, Allah Ya mayar da alheri. Shi ya sa na ce a bar su su yi gardamar.

Hajiya Mai Daddawa, Ngaundere:

Malam, ni batun dashen da awaki suka cinye ne ya sa na tsoma baki. Bishiyar makaranta ta kowa ce, shi ya sa ba ta da mai ita. Ka sa kowane yaro ya raini tasa tun daga iri, a cikin ledar ruwan sha da ya tsinta a titi, ya cika ta da ƙasa da takin awaki. Ƙwayar tsamiya da ta kuka suna da taurin kai, a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin a shuka. Idan ruwa ya zauna sosai ya kai ta gida ya dasa, ya kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando. Maki kuwa kada a bayar ranar dashe. A bari sai watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke dafa ƙwai, a ga ta wa ke da rai. Tunda akwai darasin addini a makarantarku, malamin hadisi ya tuna musu cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce a gare shi.

Ka ce akwai 'ya'yan mahauta. Su tambayi iyayensu ina ungulayen mayanka suka tafi. A da ba ka iya ƙirga su a kan rufi. Guba da masu kama su don tsibbu sun kusa ƙarar da su, kuma mushen da suke kwashewa yanzu karnuka da ƙudaje ne ke kansa.

Abokin Shari, Njamena:

Sannunku. Abin da zan ƙara, Malam, kada labaran su zama na asara zalla, yaro yana saurin yanke ƙauna. Gaskiya ne baƙin karkandan arewacin Kamaru ya tafi, an nema a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare a duniya. Gaskiya ne a 2012 mahara bisa dawakai sun kashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njidda. Amma a nan Cadi giwayen gandun dajin Zakuma, da suka faɗo daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, sun koma haihuwa bayan an gyara tsaro aka jawo ƙauyukan kewaye cikin aikin. Mariri kuma, dabbar nan dangin barewa mai dogayen ƙahoni, da ya ƙare a daji sai a gidajen kiwo na ƙasashen waje, an dawo da shi gandun Wadi Rime a 2016, yanzu yana haihuwa da kansa.

Kan maganar Ɗan Kaele, mu mun ɗanɗana. Da aka hana gawayi a Njamena a farkon 2009, ba a tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, mata har kashin shanu da ƙwallon goruba suka riƙa hura wuta da su. Wannan ma ka ba yaran su tauna.

Sannan ai makarantar koyon kula da namun daji tana garinku tun 1970, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa. Rubuta musu takarda ka roƙi a turo ɗalibi ɗaya ya zagaya da yaranka unguwa yana faɗa musu sunan kowace bishiya da tsuntsu. Kuɗin acaba kawai zai ci.

Malam Mai Alli, Garwa:

Allah Ya saka wa kowa. Ranar Laraba zan ba su aikin tambayar kakanni, takardar kuma zan rubuta a makon nan. Hajiya, irin tsamiya da kuka akwai a kasuwa, na ɗorawa ne ban san inda zan samu mai rai ba, wanda ke wurin masu daddawa duk dafaffe ne.

Hajiya Mai Daddawa, Ngaundere:

Ina da ɗanye na bana, ban dafa ba tukuna. Zan auna maka kwano ɗaya in ba direban motar Garwa, ka turo yaro tasha ya karɓa.