Diyyar raunin muƙamuƙi: abin da masu harkar suka gani a bakin aiki

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. Tambayar nan ta yawaita: mutum ya karye a muƙamuƙi, ko a hatsarin hanya, ko a wurin aiki, ko wani ya naushe shi, ina zai nufa a biya shi, kuma me ya kamata ya riƙe a hannu? Maganar Najeriya muke yi. Dakta, bismillah, tunda wurinku ake fara zuwa.

Likitan tiyatar baki da fuska:
Wa'alaikumus salam. Muƙamuƙin ƙasa kamar awarwaro yake, sau da yawa ba wuri ɗaya yake karyewa ba. Wanda ya bugu a haɓa yakan samu karaya ta biyu a gaban kunne, inda ƙashin yake haɗuwa da ƙoƙon kai, kuma hoton ƙashi na gama-gari yakan tsallake ta. A nemi hoton OPG, wanda yake nuna muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne. In akwai shakka a yi hoton CT, mai nuna ƙashi dalla-dalla. Karayar da ba ta fito a hoto ba ba za ta shiga rahoto ba, kuma ba mai biyan abin da babu shi a rahoto.

Magani iri biyu ne. Ko dai a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da wayar ƙarfe na mako 4 zuwa 6, ko a yi tiyata a haɗa ƙashin da ƙananan faranti da kusoshi. Ana yin duka biyun a asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Abin da nake so a riƙe shi ne rahoton likita biyu ake buƙata, ba ɗaya ba. Na farko yana faɗin ranar rauni, wurin karaya, adadinta, da haƙoran da suka fita ko suka karye ko suke girgiɗa. Na biyu sai bayan an kwance waya, kuma shi ne mai nauyi. A ciki a rubuta faɗin buɗewar baki da milimita. Lafiyayyen babba yana buɗewa kamar 35 zuwa 50, wato yatsu uku a tsaye. A rubuta ko haƙoran sama da na ƙasa sun koma suna haɗuwa daidai, don in cizo ya karkace tauna ta lalace ke nan. A rubuta ko leɓen ƙasa da haɓa suna jin taɓi. Akwai jijiyar da take bi ta cikin ƙashin. In ta taɓu, mutum zai sha shayi ya zubo masa a riga bai sani ba, ko ya ciji leɓensa har jini bai ji ba. Takan farfaɗo cikin watanni, shi ya sa ba ma saurin cewa ta mutu har abada sai an kai wata 6, wani lokacin har shekara.

In yaro ne a ƙara haƙuri. Karayar gaban kunne tana iya sa gaɓar ta manne daga baya, baki ya ƙi buɗewa, haɓa ta ƙi girma ko ta karkace gefe guda. Wannan sai bayan shekaru yake bayyana.

Kuma don Allah kada a kai muƙamuƙi wurin mai ɗori. Ban da cutar da za a yi wa majinyaci, ɗaya ɓangaren zai ce mai ɗorin ne ya karkatar da ƙashin, ba hatsarin ba.

Nas a sashen gaggawa:
Dakta ya gama magana. Nawa ƙari a kan takardu ne. Rasit ɗin da injin POS yake fitarwa yana goge kansa cikin 'yan watanni, sai a wayi gari da farar takarda. A ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa, a yi kwafi. Magani daga kemis na waje ma a ce a rubuta rasit da sunan majinyaci, ba sunan ɗan'uwan da ya je saye ba. A adana katin asibiti, don da lambarsa ake zaƙulo fayil.

A ɗauki hoton fuska tun kumburi bai saɓe ba, daga gaba da kowane gefe, da cikin baki in zai yiwu. A auna nauyin majinyaci ranar da aka ɗaure baki da ranar da aka kwance. Mako shida a kan kunu, madara, romo da abincin da aka markaɗa a blenda, rama take biyo baya, kuma shaida ce. Kuɗin wannan abincin da na motar zuwa ganin likita, a rubuta su a littafi da kwanan wata.

Haƙorin babba in ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a kankare saiwar, a jefa shi cikin madara a garzaya. In an iso cikin awa guda akwai fatan a mayar da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, saboda haka jiran takardar 'yan sanda bai kamata ya tsayar da jinya ba.

Barista:
Sannu da ƙoƙari, Sista. In hatsarin hanya ne, abu huɗu za a kama tun ranar: lambar mota, rahoton sashen kula da zirga-zirga na 'yan sanda, lambar wayar shaidu aƙalla biyu, da takardar inshorar motar. A duba lambar motar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na Najeriya, wato NIID, don takardun jabu sun yi yawa. In ta gaskiya ce, a rubuta wa kamfanin inshorar takarda tun kafin a shigar da ƙara, a karɓi kwafi mai hatiminsu.

Akwai ruɗanin da nake yawan warwarewa. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce, mutane kuma suna jin ana cewa iyakarta miliyan 3. Wannan iyakar ta ɓarnar dukiya ce, kamar mota ko katanga. Raunin jiki lissafinsa daban ne.

Kotu tana raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake ƙirgawa: kuɗin tiyata, magani, hoto, kwanakin da ba a fita aiki ba. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara an kuma kawo hujja, in ba haka ba alƙali zai yi watsi da ita ko da ya yarda an kashe kuɗin. Ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi ya kawo littafin ciniki ko bayanin asusun banki. Sai ta biyu, ta raɗaɗi, tabo a fuska da rashin iya tauna ko magana kamar da, wadda alƙali ne yake ƙiyastawa. A nan rahoton Dakta na biyu yake aiki. Malamin makaranta ko ladan da harshensa ya yi nauyi ba daidai yake da wanda sana'arsa ba ta magana ba ce, a fito da wannan fili.

Ana haɗa direba da ubangidansa a ƙara in a bakin aiki ya yi hatsarin. Wanda yake kan babur ba hular kwano kuma ya sa rai za a ce da nasa sakacin, a rage masa. Batun lokaci: a Abuja da Legas wa'adin ƙarar rauni shekara 3 ne, kowace jiha kuma da tata dokar. Amma in motar hukuma ce ko jami'in gwamnati a bakin aiki, akwai dokar kare jami'ai mai wa'adin wata 3 kacal. Wannan ta cinye ƙararraki masu kyau tun ba a saurare su ba. Marar halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a.

Tsohon sakataren tasha:
Barista, ranka ya daɗe, duk gaskiya ka faɗa, amma akasarin masu buge mutane 'yan adaidaita sahu ne masu biyan balas kullum. Ka ci nasara a kotu, wa zai biya? Shi ya sa yawanci a tasha ko a gaban mai unguwa ake gamawa. Inda ake cutar mai rauni shi ne a zo masa a gadon asibiti, bakinsa a ɗaure, 'yan'uwa su karɓi kuɗin jinyar makon farko su sa hannu an yafe. Bayan wata biyu likita ya ce sai an sake aiki, babu wanda za a kama.

Sulhun da yake ɗorewa hawa biyu ne. A rubuta cewa mai abin hawa zai ɗauki jinya yadda take zuwa, sauran magana kuma sai rahoton ƙarshe ya fito. A sa mai keken kansa a ciki, ba yaron da yake tuƙi kaɗai ba, da wanda zai tsaya masa, da shaidu daga kowane ɓangare.

Barista:
Na yarda, Alhaji, da sharaɗi biyu. Kada jiran rahoto ya cinye wa'adin ƙara. Sannan a kai yarjejeniyar kotu ta mayar da ita hukunci, don takardar tasha ba ta sa a kama kadarar kowa. Duk takardar da aka rubuta cewa biyan ƙarshe ne, kada a sa mata hannu kafin lauya ya karanta.

Jami'ar kula da ma'aikata:
Wanda ya ji rauni a wurin aiki hanyarsa ta NSITF ce, wato hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Mai kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci komai. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da wurin aiki cikin kwana 14, kuma a rubuce, tunda mai ɗaurarren baki ba ya iya bayani. Wurin aiki ya kai rahoto cikin kwana 7. Neman diyyar kansa cikin shekara 1. Dokar ta haɗa da hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, wanda da yawa ba su sani ba. Ba sai an nuna laifin kowa ba, kuma akwai tanadin biya a dunƙule saboda nakasar kamanni. Inda ake maƙalewa shi ne kamfani ya ɓoye hatsarin don bai yi rajista ba. In aka ga ana jan ƙafa, a kai kwafin sanarwar ofishin NSITF kai tsaye.

Malamin fiƙihu:
Allah ya saka da alheri. Mai zuwa kotun shari'ar Musulunci ya san wannan. Haƙori yana da ƙayyadadden abu: raƙuma 5 kowane ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyya, turmi da na gaba duk ɗaya. Raunin kai da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya gusar da ƙashi 15. Sai dai Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa ba ya lissafa muƙamuƙin ƙasa da hanci cikin kai, don ƙasusuwa ne masu zaman kansu. Ke nan karayar muƙamuƙin ƙasa tana komawa ga ƙiyasin alƙali gwargwadon aibin da ya rage. A mazhabarmu kuma ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, kuma ƙashin da aka karya bisa kuskure, in ya koma yadda yake ba aibi, babu diyya a kansa. Don haka karkacewar cizo da mutuwar leɓe su ne abin nunawa. Yafiya alheri ce, amma haƙƙin mai rauni ne, ba na dangi ba, haƙƙin yaro kuma ba a sarayar da shi haka kawai.

Mai kula da zaure:
Akramakallahu, mun gode. Barista, wanda aka nausa fa?

Barista:
Karya ƙashi ko haƙori yana cikin mummunan rauni a kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, kuma kotun da ta kama mutum da laifi tana iya umartarsa ya biya diyya. Amma sai an tunatar da mai gabatar da ƙara, an ba shi rasit da rahoto kafin yanke hukunci. In abin da aka bayar bai kai ba, ƙofar ƙarar neman diyya a buɗe take.

Likitan tiyatar baki da fuska:
Ƙari ɗaya a kan haƙora. Kafin a zauna lissafi a karɓi takardar ƙiyasi daga likitan haƙori: nawa ne cike giɓin, da haƙorin cirewa ko na dasawa, da kuɗin sabunta shi, don ba ya zama har abada. A sa har da kuɗin cire faranti in ya kama ciwo, da haƙoran da ke kan layin karaya, waɗanda kan yi baƙi su mutu bayan watanni ko da ranar hatsarin lafiyarsu ƙalau.